Ganuwa ba tulin ƙasa ba ce

A gaɓar tekun Gana akwai sansanin yaƙi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Mutanen Holan sun ƙwace shi a 1637, Ingila kuma ta karɓe shi a 1872. Har yau kurkukun da aka tsare bayi a cikinsa yana nan, kuma tun 1979 UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ɗan makarantar da ya ziyarce shi yakan fito da darasin da littafi kaɗai ba zai ba shi ba.

Zamfara ba ta da teku, amma tana da nata sansanin, wato ganuwa. Birnin Zamfara, wanda kufansa ke kusa da Isa, babban birni ne mai ganuwa da ƙofofi masu yawa. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci shi da yaƙi, bayan Zamfarawa sun ba Gobirawa masauki a ƙasarsu. Gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. Alƙalawa, birnin da Gobirawa suka kafa, shi ma ya faɗi a 1808 a hannun rundunar jihadi.

Abin lura shi ne tsarin da ke bayan ginin. Da aikin gayya ake ɗaga ganuwa, da shi ake yi mata yaɓe bayan damina. Akan bar gonaki da rijiyoyi a cikinta domin ranar da aka kewaye gari, kuma mutanen ƙauye suna da wurin fakewa idan an buga gangar yaƙi. Kowace ƙofa da mai tsaronta, ana rufe ta da dare. Ganuwa alkawari ce tsakanin mai mulki da talaka: talaka ya ba da ƙarfinsa, sarki ya tsare ransa da dukiyarsa.

Wannan alkawari ne ya yi rauni a yau. Manoman da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyuka suna kwarara zuwa garin Anka kamar yadda kakanninsu ke gudu zuwa birni, sai dai babu gonar da aka tanadar musu. Sake gina katanga ba zai magance wannan ba, domin igwar Turawa ta nuna iyakar ginin laka a Kano tun 1903.

Duk da haka, wajibi ne masarautun Anka, Gummi da Bukkuyum su auna duk abin da ya rage na tsofaffin ganuwoyi da kufai a ƙasashensu. Su hana yanka su fulotai ko haƙe su don bulo, su rubuta abin da dattawa suka sani, a riƙa kai ɗalibai. Yaron da ya tsaya a kan ganuwa zai fahimci cewa tsaro haƙƙi ne da aka taɓa tsarawa aka kuma cika, kuma idan ya girma zai san abin da zai nema a wurin hukuma.