Shingen lalle sai da aski

Ƴan uwa manoma, tun bayan farin shekarar 1984 noman rani ya yaɗu a ƙasarmu Nijar. Garake sun yawaita, ana samun salati da albasa da tumatir. Amma kowa ya san babban maƙiyin garka: akuya. Dare guda ya ishe ta ta cinye wahalar wata uku, a wayi gari maƙwabta suna gaban maigari.

Da yawa daga cikinmu sun gane cewa shingen ƙaya da darnin kara ba su daɗewa. Gara tana cin su, kuma kowace shekara sai an sake saran itacen daji. Shi ya sa suka dasa lalle kewaye da garka. Wannan dabara ce mai kyau. Kuskuren shi ne, bayan dashe sai a bar shi haka nan. Wasu suna cewa: "Ina tausayin in sare abin da na raina." A ganina wannan tausayi ɓarna ce.

Ga dalili. Lallen da ba a aske ba, sama yake tafiya. Rassan bisa suna tare rana, na ƙasa su bushe. Sai ka ga shinge dogo, amma gindinsa kamar ƙofa. Akuya kuwa ba ta sama take shiga ba, ta ƙasa take bi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan aka datse kan reshe, sabbin rassa suna fitowa daga gefensa. Ta haka shinge yake cika, ya sarƙe. Lalle kuma in ya manyanta, ƙarshen rassansa yakan yi tsini kamar ƙaya.

Ga yadda ya kamata a yi:

1. A fara tun yana ƙarami. In ya kai gwiwa, a datse kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
2. Kada tsawonsa ya wuce ƙirjin mutum.
3. Gindi ya fi sama faɗi, domin rana ta kai ga rassan ƙasa.
4. A wasa adda sosai, a yi sara a karkace. Dakusasshiyar adda tana farfasa reshe.
5. Babban aski a yi shi gab da faɗuwar damana, don ya tofo da ruwan farko.
6. Inda wani ya mutu, a dasa reshe ko a shuka iri cikin damana.
7. A share ciyawar gindi, kada ta zama maɓoyar maciji. Wanda ya yanke, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu.

Wani zai ce aikin ya yi yawa. To, a auna shi da zuwa daji saran ƙaya kowace shekara. Ban da haka, abin da aka aske ba asara ba ne. A shanya ganyen a inuwa, a daka, mata su yi ƙunshi ko a kai kasuwa. Rassan kuma su shiga murhu.

Saboda haka, kafin ruwan bana ya sauka, kowa ya zagaya garkarsa, ya duƙa ya dubi gindin shingensa. In ka hango garkar maƙwabci ta ƙasa, akuya ma ta hango taka. Ka ɗauko adda.