Masu Fansho Suna Gudun Zafin Finiks

Zancenmu na wannan mako daga Amurka ya fito. A jihar Arizona akwai wani babban birni cikin hamada, ana ce da shi Finiks. Tun 1960, da aka buɗe unguwar Sun City a gefensa musamman domin tsofaffi, masu fansho suka dinga kwarara can don gudun sanyin jihohin arewa. To, ga shi yanzu waɗansunsu suna sake ɗaure kaya, zafi ya kore su.

Cikin 2023 birnin ya yi kwana 31 a jere, kowace rana zafi yana kaiwa awo 110 na Farenhait, wato kamar 43 a ma'aunin da muka saba. A shekarar nan zafi ya yi sanadin ajalin mutum 645 a gundumar Marikofa, inda birnin yake. Tsoho ne abin tausayi, gama jikinsa ba ya fid da gumi kamar na saurayi, in kuwa na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, gida ya zama tanda.

Saboda haka suka fuskanci tudu. Finiks ƙafa 1,100 take bisa teku, Fireskot wajen 5,400, Filagstaf kuwa kusan 7,000. Galibi duk ƙafa 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da awo uku da rabi na Farenhait.

Amma fa a yi hattara, kada garin gudun gara a faɗa gidan zago. A Filagstaf dusar ƙanƙara takan zuba kamar ƙafa takwas a shekara, kwashe ta kuwa ba aikin mai furfura ba ne. Iskar tudu ba ta da kauri, takan wahal da mai ciwon zuciya ko na huhu. Ga gobarar daji, wadda a 2013 ta halaka 'yan kwana-kwana 19 na Fireskot. Manyan asibitoci kuma mafi yawansu a Finiks suke, tafiyar mil 100 ko fiye.

Shawarata ga duk mai niyyar irin wannan ƙaura, ya fara jin ta bakin likitansa, kāna ya kama haya ya yi hunturu guda a can tun bai sayar da gidansa ba. Gani ya kori ji.