Duwatsunmu Na Nan, Shiri Ne Babu

Yaron da ya tashi a Babban Mutum ko Ɓaure ko Zangon Daura ƙasa iri ɗaya ya sani: jigawa shimfiɗe har iyakar ganin ido, gero da wake, gawo nan da can, sai titin da ya miƙe ya tsallaka iyaka zuwa Magarya. Abu mafi tsawo a idonsa shi ne hasumiyar masallacin Juma'a ko ƙarfen sabis na waya. A aji kuwa ana koya masa tudu da kwari da zaizayar ƙasa, ya haddace don jarrabawa, alhali bai taɓa tsayawa a bisa tudu ya ga yadda gari da gona da rafi suke kwance tare ba. Ga duwatsun Kazaure da na Roni a maƙwabta, ga Dala da Goron Dutse a cikin birnin Kano, duk a je a dawo a yini guda. Ra'ayina shi ne ya kamata makarantu da ƙungiyoyin matasa na ƙasar Daura su mayar da hawan dutse al'ada ta kowace shekara, domin abin da ya hana mu rashin shiri ne kawai.

Shirin kuwa yana farawa da zaɓen lokaci. Mutane da yawa za su ce hunturu, saboda sanyi, amma wanda ya hau Dala a watan Janairu yakan tarar hazo ya rufe birnin, ko hasumiyoyin babban masallaci da ƙyar ake hangowa. Maganar bazara ba ta taso ba, don daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, dutse ya ɗauki rana har tafin hannu bai iya dafa shi. Da damina gansakuka kan sa santsi, ga tsawa, ga macizai a cikin ciyawa. Lokacin da ya dace shi ne kaka, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba. A lokacin ne mai hawa zai ga dammunan gero jere a gonaki, da hasken ruwan madatsar Kazaure, da garken shanu kamar an watsa farin wake a faifai. Da sanyin safiya ake kama fara: a fara hawa bayan sallar asuba, a sauko kafin hantsi ya dubi ludayi.

Na biyu shi ne auna tafiya da ƙarfin mafi rauni a cikin ayari. Tun 1892 wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafin da har yau ake aiki da shi: sa'a ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Duwatsunmu ba su kai rabin wannan ba daga gindi zuwa ƙololuwa, ke nan awa biyu zuwa uku sun isa har da hutawa. Kowa ya riƙe ruwa lita biyu, da ƙuli-ƙuli ko dabino, da malafa, da takalmi mai kama ƙasa, a bar silifa a gida. A sa babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ƙirga kawuna a ƙasa, a sake ƙirgawa a sama. A kuma tuna saukowa ta fi hawa haɗari, don a nan gwiwa ke rawa, matasa kuma ke son tsere.

Wani zai ce wannan shashancin 'yan boko ne, mutumin da ya yini da fartanya ina ruwansa da motsa jiki? Gaskiya ne manomi bai buƙatar a koya masa gumi. Amma ɗan kasuwar da ke yini a kan benci, da ma'aikacin ofis, da matashin da ko masallacin unguwa sai a babur, su fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, hawan jini da ciwon suga kuwa sun daina zama cutar masu kuɗi. Wani kuma zai kawo zancen iskoki da tsafi, ya tuna da Barbushe da Tsumburbura a kan Dala. Ai wannan ma darasi ne: a nan Kano ta fara, an kuma gano alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Wanda ya je don lura da halittar Allah da tarihin kakanninsa, niyyarsa daban ce da ta mai kai baƙin bunsuru.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba a raina ta. Ba mai hankalin da zai kai ɗalibai dajin Rugu ko Kwatarkwashi a halin da ake ciki. Shi ya sa maganar ta tsaya a duwatsun da ke jikin gari, inda akwai mutane da sabis na waya, a sanar da dagaci tun kafin ranar, a ɗauki ɗan gari ya yi jagora. Yankari, gandun dajin da ya koma hannun gwamnatin Bauchi a 2006, ta nuna hanya: tana da tuddai irin su Kalban da ake hango faɗin dajin daga kansu, kuma baƙo ba ya kutsawa sai da jami'in gandun. Ba sai an gina otal ba kafin a kwaikwayi wannan. Turba da aka share, da allon da ya faɗi nisan tafiya, da matasa uku ko huɗu da aka horar kan taimakon gaggawa, kuɗinsu bai kai na walimar buɗe ofis guda ba.

Kafin hukuma ta motsa, shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya farawa da bas ɗaya da aji ɗaya a wannan kakar. Yaron da ya tsaya a kan dutsen Kazaure ya ga inda ruwa ya yanka gona ya yi kwazazzabo, ba sai an sake yi masa bitar zaizayar ƙasa a allo ba.