Nasiha ga attajiran Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a kan sāke fasalin ciniki



Attajiri yakan zaci dukiyarsa ita ce hajar da ke cikin sitonsa. Wannan zato shi ya karya gidaje da yawa a ƙasar Zamfara. Haja baƙuwa ce, hanya ce take kawo ta, kuma in hanyar ta kauce sai ta bi ta.

A dubi Ƙauran Namoda. A shekarar 1929 reluwe ya iso garin daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya nan. Turawan ciniki suka kafa kantuna da sikeli, gyaɗa da auduga da fata suka riƙa kwararowa daga ƙauyuka a kan jakuna da raƙuma. Wanda ya sami jarin awo ya yi gida, ya yi doki. Sa'an nan fari ya zo daga 1972 zuwa 1974, cutar da manoma ke ce wa kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, a 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Motoci kuma suka ƙwace dako daga hannun jirgi. Wanda bai san kome ba sai jiran gyaɗa a bakin tasha, ya wayi gari da sikeli ba abin aunawa.

Akwai wanda ya gamu da irin wannan sauyi tun da fari, bai karye ba: Alhaji Alhasan Ɗantata na Kano. Bafatake ne na goro, ɗan Agalawa, ya san hanyar Gwanja tun yana yaro. Da ya ga jirgin ruwa ya fi ayari sauri da aminci, sai ya riƙa ɗora goronsa zuwa Ikko ta teku. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa suna tsammanin auduga, manoma suka kawo gyaɗa, sai ya juya gare ta, har a 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja. A 1929 da bankin Turawa ya buɗe a Kano, ana ba da labari ya kai azurfa kayan raƙumi ashirin ajiya.

To, abin lura a nan shi ne abin da bai sāke ba. Goro ya bar zama babban cinikinsa, amma yaransa na nan, amintattun da yake ba jari su shiga ƙauye su dawo da lissafi. Sanin wanda za a ba bashi da wanda za a hana, da sunan da manomi ke ji ya yarda, su ya ɗauka ya kai cikin gyaɗa. Kuma bai jira goro ya mutu ba. Ya juya ne tun tsohon ciniki yana ciyar da gida, domin mai sauya sana'a da yunwa a ciki, da bashi yake farawa. Bayan rasuwarsa a 1955 'ya'yansa suka shiga sufuri da gine-gine, har zuriyar ta kai ga Aliko Ɗangote, wanda ya bar dogara ga shigo da siminti da sukari, ya gina masana'antunsu.

Yau fasalin cinikin yawancin attajiran garuruwan nan uku guda ne: a sayi hatsi da wake da dabba ranar kasuwa, a loda mota, a ci riba tsakanin farashi biyu. Rauninsa ya bayyana a watan Satumba na 2021, sa'ad da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya saboda 'yan bindiga. Wanda cinikinsa duka ya rataya ga Alhamis ɗin Shinkafi ya zauna hannu rabbana.

Wani zai ce, ai sai a sayi inji, a matse mai, a casa shinkafa, a bar sayar da ɗanye. Maganar tana da ƙarfi, gama ribar gyaɗa tana cikin mai da ƙuli. Amma inji yana cin wuta da gas, ba ya kuma gudu ranar da aka kawo hari. Wanda ya sayar da shanunsa da gonarsa ya sayi inji don ya ga maƙwabci ya saya, ya yi sakin na hannu ne. Wanda ya cancanci inji shi ne mai manoman da suka saba kawo masa kaya shekara da shekaru, mai kuma abokin ciniki a Gusau ko Kano da zai karɓi man kafin a matse.

Wanda bai kai nan ba, akwai mataki mafi sauƙi: mutum uku ko huɗu su haɗa jari bisa rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, su raba ajiya tsakanin garinsu da Gusau, su ba manomi iri da taki da bazara ya biya da kaka a kan farashin da aka yarda ba zalunci. In an yi kaka biyu lissafi bai ɓata ba, sa'an nan a yi zancen inji.

Wassalam.