Ba Laifin Sienna Ba Ne, Jama'a

Na gaji da jin ana zagin tsohuwar Sienna. Tawa 'yar Kwatano ce, ƙirar 2001, kuma ni na kashe ta. Bakanike ya ce ƙasarmu da zafi, a cire tamostat, na yarda. Baƙin mai kuwa sai in yi wata takwas ban juye ba, alhali an san injin wannan ƙirar da daskarar da mai ya koma kamar kwalta. Za mu gida sallah, ya buga a hanyar Jebba, da yara a ciki. Mu daina ganin laifin mota, ganganci namu ne. Allah ya kiyaye hanya.