Kundin Digiri Ya Koma Inda Aka Ɗebo Shi

Malam Edita,

Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram kan shigo Damargu neman bayanan kundin kammala karatu. Suna tambayar manoman gero da makiyayan kwarin Tarka game da rijiyoyi, burtali da ƙarancin ruwan sama, sannan su rubuta komai da Faransanci, su gyara shafuka, su kare aikin gaban malamai, kundi ya shige kabad. Mutanen da suka ba da amsoshin ba sa sake jin ɗuriyarsa. Ina roƙon jami'a ta wajabta taƙaitawa da Hausa, ko da shafi biyu ne, a kuma aika kwafi ofishin magajin garin Tarka da ke Belbeji.

Za a ce Faransanci ne harshen jami'a, kuma ɗalibi ya riga ya jigata da kuɗin bugawa. Gaskiya ne, amma shafi biyu ba za su karya aljihu ba, kuma tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa harshen ƙasa. Wasu za su ce Buzaye da Fulani fa? A kasuwannin Damargu da Hausa ake ciniki, kuma ɗalibin da ya iya Tamajek ko Fulatanci sai ya ƙara nasa shafin.

Naku,
Mai karatu daga Tarka