Gem ɗin da bai gama dahuwa ba: wa ke jin koken ɗan wasan Gummi?

Kwanakin baya na zauna a wani shagon cajin waya a Gummi bayan sallar Isha'i, inda samari ke taruwa suna jiran wayoyinsu su cika. Wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa yana tsaki. Ya sauke wani sabon gem na harbi daga Play Store, wanda aka rubuta a jikinsa cewa har yanzu ana gwajinsa. Kwana biyu da saukewa sai ga sabuntawa mai nauyi, ya sake sayen data ya sauke. Daga nan wayar ta fara zafi kamar an ɗora ta a kasko, gem ɗin kuma yana rufe kansa da zarar an shiga fili. Ya rubuta musu koke da ɗan Turancin da yake da shi. Har yau shiru kake ji.

Wannan tsari na sakin gem tun bai kammala ba ya daɗe. Minecraft ya fara yawo a hannun mutane tun 2009, ba a kira shi cikakke ba sai a Nuwamban 2011. Kasuwar Steam ta buɗe sashen Early Access a Maris na 2013, kuma ta wannan ƙofar PUBG ya shigo a Maris na 2017 kafin ya fito cikakke a Disamban shekarar. Yarjejeniyar mai sauƙi ce: kai ka samu gem da wuri, su kuma su samu dubban masu gwaji ba tare da sun biya albashi ba. Ra'ayina shi ne wannan ciniki ne, ba alfarma ba, kuma a yankinmu ɓangare ɗaya ne kawai ke cika alkawari.

A duba yadda ake yi idan ana so a yi da gaske. Kamfanin Supergiant ya saki Hades a matsayin gwaji a Disamban 2018, ya kammala shi a Satumban 2020. A tsakanin nan, duk lokacin da suka fitar da jerin gyare-gyare, sukan sa alama a gefen gyaran da ya samo asali daga shawarar 'yan wasa. Ƙaramin abu ne, amma ka ga mai koke ya san maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Larian na ƙasar Beljiyam ya riƙe Baldur's Gate 3 a gwaji daga Oktoban 2020 har Agustan 2023, kusan shekara uku mutane suna buga kashin farko na labarin kawai, suna gardama da masu haɗa shi a kan dokokin faɗa da halayen jaruman. Abin da ya fito a ƙarshe ya kwashi kyaututtukan shekarar.

To amma su waye ake saurare a irin waɗannan zauruka? Masu kwamfuta mai tsada, masu intanet da ba ya yankewa, masu iya rubuta dogon bayani da Turanci a Discord. Yaron Bukkuyum da ke riƙe da itel ko Tecno mai ram ɗin giga biyu, wanda sai ya fita bakin titi sabis ke kama shi, ba ya cikin wannan hira. Alhali idan gwaji ake nema, shi ne ainihin mai gwajin. Gem ɗin da ya yi aiki a wayarsa, a zafin watan Afrilu, batir saura kashi goma sha biyar, zai yi aiki a ko'ina. Wanda aka gwada a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba a gwada shi ba tukuna.

Kuma shi gwajin ba kyauta yake zo masa ba. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowace sabuntawa kuɗi ce ke fita daga aljihu, ga kuma na mai caji. Mai haɗa gem da ke turo babban fayil duk mako saboda ya gyara launin rigar jarumi bai san da zaman wannan mutumin ba. Akwai ma abin da ba zai taɓa zuwa masa a rai ba: a farkon Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum suka yi makonni babu sabis. Duk gem ɗin da ba ya buɗewa sai da intanet, ko wanda ke ƙwace maka matsayi don ka yi kwanaki ba ka shiga ba, a wancan lokacin ya zama hoto kawai a fuskar waya. Da an taɓa tambayar mutum ɗaya daga nan, da ya ce a sa wani sashe da za a iya bugawa ba tare da data ba.

Na san abin da za a ce. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata goma ba zai iya amsa wa kowa ba, kuma kuɗin shigarsa ba daga Zamfara yake fitowa ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ba amsa ɗaya-ɗaya nake nema ba. Garena na da abin da ake kira Advance Server na Free Fire, inda ake ba wasu 'yan wasa lambar shiga su gwada sabbin abubuwa kafin kowa, wanda ya gano matsala ya kai rahoto kuma ana iya saka masa da lu'ulu'un cikin gem. Aƙalla an yarda cewa kai rahoto aiki ne. Kuma Free Fire bai mamaye majalisun samarinmu don ya fi kowa kyau ba, ya mamaye ne don yana gudu a ƙaramar waya. Wato kasuwar da ake rainawa tana da yawan da za ta ɗaga gem.

Masu haɗa gem na gida su ne ba su da uzuri. Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa, ya yi ƙoƙari sosai wajen saka rayuwar Najeriya a cikin wasanni, kuma yana da wani mai suna Aboki Run. A wurinmu aboki kalma ce mai daɗi, amma duk Bahaushen da ya yi ci-rani a kudu ya san da wace murya ake kiransa da ita a tasha. Irin wannan abin ba injiniya ke gano shi ba, sai wanda kalmar ke sauka a kansa. Rukunin WhatsApp guda ɗaya da ke karɓar saƙon murya da Hausa zai kawo wa kamfani bayanin da takardar tambayoyi ta Turanci ba za ta taɓa kawowa ba.

Mu ma muna da namu laifin. Tauraro ɗaya da zagi ba rahoto ba ne. Faɗi sunan wayarka da girman ram ɗinta, da abin da kake yi lokacin da gem ya rufe, ka haɗa da hoton fuskar wayar idan zai yiwu. Kafin ka sauke gem na gwaji, duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, ka kuma duba ko masu shi suna amsa koke a ƙarƙashin sharhin mutane. Idan watanni sun wuce babu motsi, ajiye datarka. Kada kuma ka sayi komai a cikinsa saboda alkawarin abin da za a ƙara nan gaba. The Day Before ya fito a matsayin gwaji ranar 7 ga Disamban 2023 bayan shekaru ana tallarsa, kwana huɗu kacal kamfanin da ya haɗa shi ya sanar da rufewa. Masu saye a Steam sun samu an mayar musu da kuɗinsu. Datar da ƙanena ya ƙona a Gummi kuwa babu ofishin da zai je ya karɓo ta, shi ya sa daren nan ya goge gem ɗin ya koma Free Fire ɗinsa.